Japanancin Gaban Mota

Ɗan ƙanwata Bashiru ya kawo mini abokansa biyu wata Asabar, kowa da waya a hannu, wai sun ji kawunsa ya yi aikin tafinta da Japanawa, suna so in gwada su. Na ce to, bismillah. Ɗayan ya gyara tsayuwa, ya turo ƙirji, ya daka mini wata tsawa da Japananci wadda in ka fassara ta cewa yake, "Kai wane ne? Matso in gama da kai!" A katun ɗin waya ya koya. Na ce, "Ɗana, wa za ka gaya wa wannan? Injiniyan da ya sauko daga jirgi da ciwon baya?" Suka fashe da dariya, ni ban yi ba. A ganinsu aikin nan haddace maganar 'yan tasha ce kawai, ka watsa wa baƙo, shi kuma ya rungume ka ya ce ga ɗan gida. Tun ranar abin ke cina, in na zauna sai in miƙe, shi ya sa na ce gara in faɗi yadda sana'ar take ko na samu in huta.

Direba ne ni kafin in zama tafinta. A unguwar Hausawa ta Garwa aka haife ni, inda yaro ke tashi da Hausa a tsakar gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci kuma in jandarma ya tare shi. Nan ba a yi wa mutum tafi don ya iya harshe uku, ko mai tuyar ƙosai ta iya. Wani kamfanin Japanawa ya zo haƙa rijiyoyin burtsatse, waɗanda mu nan muke ce wa foraj, suna neman mai tuƙa babbar motar da ke ɗaukar bututu da kwamfireso, wato injin iskar da ake haƙar da shi. Suka sa ni na yi baya da ita tsakanin ganguna biyu, ban taɓa ko ɗaya ba, suka ɗauke ni.

Mutum biyu za ku riƙe a cikinsu. Madam Aoki ce mai kula da aikin, matashiya, ta iya Faransanci, ita ke zama da mahukunta da lamido da jauron kowane ƙauye. Ita ta fara koya mini gaisuwa da yadda ake sunkuyawa, da Japananci mai wanki da guga, wanda kowace magana sai ka ɗaura mata doguwar jela ta ladabi. Sai kuma tsoho Kuroda, shugaban masu haƙa. Gajere ne, hannunsa duk tabon ƙarfe, kullum da tawul ɗaure a ka, ko "bonjur" ba ya fita daidai a bakinsa. An ba shi ƙaramar mota mai sanyi ya ƙi, ya ce a gaban babbar mota zai riƙa zama don ya ji kukan kayansa in mun faɗa rami. Haka aka haɗa ni da shi a cikin akwatin ƙarfe mai zafi, daga Garwa zuwa duk inda aiki ya jefa mu.

A tafiyarmu ta farko na juye masa gaisuwar da Madam ta koya mini kaf, ban rage ko ɗigo ba. Ya gyaɗa kai, ya juya ga taga. Haka muka yi makonni. Abin da kawai ke fita daga bakinsa guntaye ne: "Abunai!" in jaki ya faɗo mana titi, "Yosh" in abu ya zauna daidai, "Atsui na" in rana ta take, wato kai, zafi. Na riƙa tsintar su ɗaya-ɗaya kamar mai kalar gyaɗa, ina maimaitawa a zuci, ina lura da lokacin da yake faɗin kowace. Amma ban taɓa mayar masa da ko ɗaya ba. Ba wayo ba ne, tsoro ne, kuma tsoron nan ya yi mini rana.

Wata rana taya ta fashe mana bayan mun wuce Pitowa, daidai lokacin jigilar auduga, manyan motoci sai wucewa suke suna watsa mana farin gashi a fuska. Jak ɗinmu ya nutse a yashi. Na shiga ƙarƙashin mota da faifan katako, tsoho ya kwanta ta ɗaya gefen har muka gama. Da muka fito, ya dube ni sama da ƙasa, dukkanmu baƙi ƙirin da mai, sai ya ce, "Oi, Iro. Meshi."

Ma'anarta, kai Iro, tuwo. Ba "ranka ya daɗe ko za a ci abinci" ba, a'a, irin yadda wa ke kiran ƙane. Kuma ba wanda ya gaya masa ana ce mini Iro, a bakin leburori ya ji. Muka zauna a gindin wata bishiya da gasasshen nama da burodi. Na buɗe baki zan gode masa da Japanancin Madam, ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Oyaji." Wato in riƙa ce masa tsoho, ko baba, yadda yaransa na aiki ke ce masa a can gida.

To ku ji da kyau, ku masu waya. Japanancin yau da kullum ba ɗauka ake yi ba, ba ka ake yi. Babba ne ke buɗe ƙofar, kai kuma ka shiga gwargwadon yadda ya buɗe. In ka riga shi, ko da kalmarka daidai take, ka zama mara kunya, kuma ba zai gaya maka ba, sai dai ka ga ba a sake neman ka ba. Na ga wani yaro da aka ɗauko daga Yawunde, ya fi ni sanin kalmomi nesa ba kusa ba, ya dafa kafaɗar tsoho a rana ta biyu yana masa zancen abokai. Ba a yi masa faɗa ba. An dai mayar da shi ofis yana buga takardu.

Daga ranar Pitowa gaban motar nan ya zama makarantata. Maganar tsoho gajera ce, an datse mata jela, rabinta ma numfashi ne. In ya ja iska ta haƙora ya ce "saa", to bai yarda ba amma ba zai faɗa ba. In ya ce "maa ne", ya yarda rabi, sauran rabin ka nemo da kanka. Wannan bai ba ni wuya sosai ba, don wanda ya tashi cikin Fulanin Garwa ya riga ya saba da mutumin da zai ƙi abu yana murmushi yana maka godiya. Ya koya mini zagin inji in ya ƙi tashi, da yadda ake ce wa mutum ya yi ƙoƙari bayan aiki, da sunan da suke kiran malalaci. Ni kuma na koya masa "sannu" da "wallahi". Wallahin nan ya so ta ƙwarai, har kwamfireso yake yi wa. Bayan damina biyu Madam ta fara kirana in tsaya a tsakani in tsoho zai yi magana da leburori ko mutanen ƙauye, sai ga ni direba da safe, tafinta da rana.

Wani aiki da na yi a Maga ya nuna mini cewa maganar banza ma tana da shekaru. An ara ni ga wani saurayi Bajapane masanin shinkafa, muka yi ta yawo a kan gaɓar gonaki, laka har gwiwa. Shi komai "yabai" ne. Ya ga tarin tsuntsaye sun sauka a shinkafa, yabai. An gasa masa kifin tafki ya ji daɗi, yabai. In ka ba shi labari ya yi mamaki sai ya ce "maji de?", wato da gaske? Na kwaso su da zafinsu na dawo wa tsoho da su ina taƙama. Ya saurare ni, ya ce, "Da wa kake yawo yanzu?" Ya ce mutum mai iyali kamata in yana wannan magana, kamar dattijo ne ya sa wandon jikansa. Ban sake ba, sai in na haɗu da sa'o'in wancan yaron.

Kayan aikin tafinta ba su da yawa, kuma ba a sayar da su a kasuwa. Akwai kunne, wanda ke jin abin da aka faɗa da wanda aka haɗiye. Akwai ƙafa, don inda ka tsaya magana ce: rabin taki bayan mai maganar, ba tsakiyar fili ba, kada mutane su riƙa kallon ka su manta da shi. Akwai fuska, wadda ba a yarda ta riga baki ba da labari ba. In an faɗi mugun abu da Japananci ka ɓata rai, ka riga ka fassara tun ba a ba ka izini ba. Ni wannan ta fi ba ni wahala, don ni mutum ne mai gaggawa, ƙafata ma ba ta iya zama shiru a kan tabarma. Na ƙarshe kuma shi ne doka ɗaya da ba wanda ya rubuta: abin da aka faɗa a gaban mota ba ya sauka daga mota. Da wannan dokar tsoho ya saki jiki da ni, yake faɗin abin da ba zai taɓa faɗa a taro ba.

Aikin da nake so ku ji sosai a wani ƙauye ne bayan Poli, a gindin duwatsu, inda manoma Kiristoci suke. Suna da yarensu, amma da Hausa suke ciniki, da ita kuma muke magana da su. Ƙa'idar kamfani ita ce ƙauye ya tara yashi da tsakuwa kafin inji ya iso, shi ne nasu gudummawar. Matan ƙauyen ne suka yi wannan aiki, da kwanduna a ka, daga busasshen rafi mai nisa. Shugabarsu wata Mama Rifkatu ce, siririya, mai ƙaramar murya, amma in ta ce a tashi ko maza sai sun duba takalmansu. Rijiya ɗaya ce tsohuwa a ƙauyen, kuma lokacin bazara ta kusa ƙafewa, sai a jefa guga a jira ta tsattsafo.

Muka haƙa rami na farko, farar ƙurar dutse kawai ke fitowa. Muka matsa muka haƙa na biyu. Tsoho ya riƙa ɗibar abin da ke fitowa yana murzawa a yatsa, yana shinshinawa, har ɗanɗanawa yake. Yara da mata sun kewaye mu tun safe suna jiran su ga ƙurar ta yi duhu, alamar danshi. Ba ta yi ba. Da aka kashe inji, tsoho ya hau gaban mota shan ruwa, na bi shi. Ya jingina kai ya ce, "Muri da." Ba zai yiwu ba. Ya ce dutse ne tun daga sama har inda ƙarfe ya kai, kuma dokar kamfani rami biyu ne, in babu ruwa inji ya wuce gaba. Takardar sanarwa za ta zo daga ofis, amma sai an bi ta kan tebura da yawa, kafin nan damina ta sauka.

Washegari aka yi taron sallama a ƙarƙashin bishiyar kuka. Jauro da dattawa a kan benci, mata a tsaye a baya. Madam ta miƙe ta sunkuya, ta gode musu, ta ce za su koma Garwa su duba sakamakon, su yi nazari da kyakkyawar niyya. Na tsaya rabin taki a bayanta, na mayar da Hausa yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Jauro ya juya ga jama'arsa ya ce, "Kun ji. Baƙi za su dawo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, cewa ta yi za su duba."

Ya ce, "To, ai shi ne. Mun gode."

Ina ɗaure bututu a bayan mota sai ga Mama Rifkatu. Ta tsaya har na sauko.

"Malam Iro, kai ne ke jin cikinsu. Za su dawo?"

"Mama, abin da aka faɗa shi na faɗa."

"Ban tambaye ka abin da aka faɗa ba."

Na shiga naɗe igiya da ba ta bukatar naɗi. Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Fastonsu ya samo masu haƙar rijiya da hannu, suna nan a ƙauyen gaba, sun yarda su zurfafa tsohuwar rijiyar kafin ruwan sama, don in damina ta sauka ba mai shiga rami. Ranar kasuwa mai zuwa za su wuce wani aiki. Amma dattawa sun ce a'a. Wai baƙi sun zo daga ƙarshen duniya, sun ce suna nazari, a kira wasu su haƙa a kan idonsu cin fuska ne, kuma in suka ji ba za su dawo ba.

Ta ce, "Maza ba su san nisan rafi ba, ɗana. Mu muka sani. In babu, a ce mana babu, mu san abin yi."

Na rasa inda zan sa kaina. Na zagaya motar nan ba adadi, ina bugun tayoyin da na riga na duba. Ga mutane biyu masu kunya sun haɗu, waɗannan ba sa iya cewa a'a, waɗancan ba sa iya tambaya sau biyu, kuma ƙauye guda zai yi shekara da ƙishi saboda ladabi. Na je wurin Madam na ce ko za a ɗan fito musu da maganar fili. Ta dube ni, idonta ya yi ja, ta ce, "Ibrahima, ba ni da ikon cewa i, ba ni da ikon cewa a'a. Sai ofis ya yanke." Gaskiya ta faɗa, ba ƙarya ta yi musu ba. Ni kuma in na buɗe baki na ce na ji tsoho ya ce kaza, na sauke maganar mota, kuma dattawa za su ce direba ne ke surutu. Sai daga bakin tsoho mai haƙar da kansa za su yarda. Shi kuwa wuri ɗaya ne a duniyar nan na san yana faɗin magana tsirara.

Na koma na sami Mama Rifkatu na ce, "Mama, ba ki da kayan kai wa Poli?"

"Ba ni da."

"Ki nemo."

Ta dube ni na ɗan lokaci, ta juya. Kafin mu gama lodi ta dawo da ɗan buhun gyaɗa a ka. Madam ta riga ta yi gaba a ƙaramar mota. Na leƙa na ce, "Oyaji, tsohuwar nan za ta Poli da kaya." Ya ce ɗauke ta mana, har ya sauko da kansa ya karɓi buhun, ya taimaka mata ta hau. Ta zauna a tsakiyarmu, hannu a cinya, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba.

Ban gaya mata abin da za ta ce ba, ba ta kuma bukaci a gaya mata ba. Muna fita daga ƙauyen, muna wuce tulin yashin da suka tara, ta ce, "Tambaye shi. Akwai ruwa a wurin nan ko babu? Za su dawo ko ba za su dawo ba?"

Nan ne aikin yake, ku da kuke ganin sauƙinsa. Hanya biyu ce a gabana. Zan iya ɗaukar tambayarta in yi mata wanki da guga, in miƙa masa da Japanancin taro, shi kuma ya mayar mini da amsar taro, kowa ya tsira da mutuncinsa, mata su ci gaba da zuwa rafi. Ko kuma in miƙa ta da harshen da ya ba ni a gindin bishiyar Pitowa, wanda ba a yin kwana-kwana a cikinsa. Na riƙe sitiyari da kyau na ce, "Oyaji, ta ce akwai ruwa ko babu. Za ku dawo ko a'a." Gajera, ba jela, yadda zan tambaye shi ko mai ya ƙare.

Ya juyo ya dube ni ta saman kanta. Nan take ya gane ba Poli za ta ba. Ya ja iska ta haƙora, na ce a raina shi ke nan, "saa" zai ce. Bai ce ba. Sai ya kwance tawul ɗin kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi a wurin aiki ba, ya riƙe shi a hannu biyu, ya juya gare ta ya ce, "Muri da. Mizu wa nai. Gomen na, kaachan."

Na ce, "Mama, ya ce ba zai yiwu ba. Babu ruwa. Ya ce ki yi haƙuri, Inna."

Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta ce, "Tsaya nan, ɗana."

Na taka birki. Tsoho ya sauka ya ba ta hanya. Na miƙo mata buhun, ta ture shi ta ce, "Na tsohon ne." Ta gyara ɗaurin zanenta ta kama hanyar ƙauye da sauri-sauri, ba ta ko waiwayo ba.

Muka ci gaba. Na yi ta jiran ya zage ni, na ma shirya wa zagin, don na san su duka, shi ya koya mini. Har muka hango rufin gidajen Poli zagin bai zo ba. Sai da muka zo wata gada mai rami ya gyara zama, ya ce da murya mai laushi, da Japananci cikakke mai jela har ƙasa, "Ibrahima-san, don Allah in ba damuwa, a yi tuƙi a hankali."

Na ji kamar an fitar da kayana waje an rufe ƙofa.

Daga baya na ji cewa a ranar ya je wurin Madam ya sunkuya, ya ce ya yi maganar da ba tasa ba, ya riga ofis, laifinsa ne. Bai ambaci sunana ba, ba a taɓa aikina ba. Amma daga ranar ban sake jin "Oi, Iro" ba. Yana shiga gaban mota kamar kullum, yana gaishe ni da safe, yana gode mini da yamma, komai a kammale. Na gwada. Na sayo masa kilishin da yake so, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya irin ta baƙo. Rana ta take na ce, "Atsui na, oyaji," ya ce, "Haka ne kuwa, yau akwai zafi sosai," kamar mai karanta labarai a rediyo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yanzu yana yi. Na yi amfani da ƙofar da ya buɗe mini na shigar da wani, shi kuma ya rufe abarsa, kuma hakkinsa ne. In aka mayar da ni wannan hanyar yau, da tsohuwar a tsakiyarmu, haka zan sake yi.

Na sa rai lokaci zai gyara, don an ce za su dawo aikin rani na gaba. Sai mummunar shekara ta zo. Tsaro ya lalace can arewa, aka umarci baƙi su tattara su bar yankin gaba ɗaya, har mu da abin bai iso ba. Cikin 'yan kwanaki aka kulle injuna a wani fili, aka rufe su da tamfol. Ni na kai su filin jirgi. Tsoho ya miƙo mini hannu, ya sunkuya, ya ce ya gode da ɗawainiyar da na yi da shi tsawon lokaci. Na sunkuya na mayar masa da irinta. Ba wanda ya karɓi adireshin wani.

Aikin tafinta ya mutu murus. Na koma haya da babur, ina ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu. Harshe kuma in ba ka da wanda za ka yi da shi, zubewa yake a hankali, sai ka nemi kalma ka tarar da gurbinta. Na riƙa magana ni kaɗai a kan hanya, ina zagin babur da zagin kwamfireso, ina ce wa awaki "Abunai!", fasinja na tambaya ko lafiya. Matata ta ce in ban daina ba za ta kai ni a yi mini addu'a. Daga baya baƙi sun ɗan fara dawowa, jefi-jefi, masu duba asibiti ko masu kallon tsuntsaye, nakan samu aikin kwana kaɗan. Duk da harshen taro muke yi. Ba wanda ya zauna da ni har ya kai ga datse jela.

A cikin waɗannan shekarun ne wani mai sayar da robobi ya ɗauke ni haya zuwa kasuwar Poli. Ina sauke masa kaya, ina sauri in juya kafin la'asar, sai na ji an ce, "Malam Iro?" Mama Rifkatu ce, ta ƙara tsufa, tana zaune gaban tulin kuɓewa. Muka gaisa, ta tambayi iyali, na tambayi mutanen gida. Na ce yaya ruwa. Ta ce a ranar nan da ta koma ta tsaya gaban jauro ta ce mai haƙar da bakinsa ya ce babu, washegari masu haƙa da hannu suka shiga rijiya. Ruwan ja-ja ne, sai an bar shi ya kwanta, amma bai ƙafe ba tun daga lokacin. Takardar kamfani kuwa ta iso ana tsakiyar noma.

Sai ta ce, "Ina tsohon naka?"

Na ce ya koma ƙasarsu tuntuni. Ban gaya mata cewa ban san garinsu ba, ban ma san ko yana da rai ba.

Ta ce, "Duk cikin waɗanda suka zo mana, shi kaɗai ya ɗauke mu mutane. In kun yi magana ka gaishe shi. Ka ce Innarsa tana gaishe shi."

Na ce, "Zai ji, Mama."